Ɗan Dakon Kitse da Yaɗuwar Ciwon Daji

Kusan shekaru ɗari ke nan da Otto Warburg, masanin kimiyya Bajamushe, ya lura cewa ƙwayoyin ciwon daji na zuƙar sukari fiye da kima. Wannan lura ta mamaye tunanin masu bincike har aka ɗauki sukari a matsayin abincin cutar, kitse kuwa aka bar shi gefe. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa a lokacin da cutar ta fi haɗari, wato sa'ad da ta bar mazauninta ta bazu cikin jiki, wasu nau'o'inta kitse suke nema, kuma ba sa samunsa sai da ɗan dako.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai ba ya gauraya da ruwa, cikin ƙwayar halitta kuwa akasarinsa ruwa ne. Saboda haka jiki ya tanadi furotin masu kama maiƙo. Wani, mai suna CD36, a bakin ƙofar ƙwayar yake tsaye yana shigo da shi. Wasu kuma, dangin FABP da aka gano a 1972, su ke ɗaukarsa a ciki su kai shi inda za a ƙona shi domin samun ƙarfi, ko a gina sabon bangon ƙwaya da shi.

A 2011, Ernst Lengyel da abokan aikinsa a Jami'ar Chicago ta Amurka sun bi sawun wata tambaya: me ya sa ciwon dajin ƙwan mace yake yawan sauka a tantanin kitsen da ke lulluɓe da hanji? Sun tarar cewa ƙwayoyin cutar na sa ƙwayoyin kitsen wurin su saki abin da suka adana, kuma FABP4 na tsakiyar wannan fashi. A ɓerayen da ba su da furotin ɗin, yaɗuwar ta ragu ƙwarai. A 2017 kuma, ayarin Salvador Aznar Benitah a Barcelona ya nuna cewa a ciwon dajin baki, ƙwayoyin da ke fara yaɗuwa su ne masu yalwar CD36, kuma toshe shi a jikin ɓeraye ya daƙile tafiyarsu.

A nan ne ake bukatar natsuwa. Ayarin na Barcelona ya ruwaito a 2021 cewa sinadarin palmitik, wanda ya kai kusan kashi 44 cikin ɗari na manja, yana ƙarfafa yaɗuwar cutar a ɓeraye. Irin wannan labari ba ya jimawa kafin ya rikiɗe ya zama saƙon WhatsApp mai cewa manja na haddasa kansa. Binciken bai faɗi haka ba. A ɓerayen da aka riga aka dasa wa cutar aka yi shi, kuma batunsa yaɗuwa ne, ba somawa ba. Ban da haka, palmitik na cikin nama da madara da man shanu, jikin mutum na haɗa shi da kansa, ƙwayoyin cutar ma haka. Wanda ya kori manja daga miyarsa bai yanke musu abinci ba.

Darasin ya fi haka zurfi: sau da yawa ɗan dako ne ke yanke hukunci, ba kayan ba. A 2007, ayarin Noa Noy ya nuna cewa sinadarin retinoyik, wanda jiki ke samarwa daga bitamin A, yana hana ƙwaya hayayyafa idan furotin CRABP2 ya ɗauke shi, amma yana taimaka mata ta rayu idan ya faɗa hannun FABP5. Kaya ɗaya, masauki biyu, sakamako kishiyoyin juna. Shi ya sa hankalin masu neman magani ya dace ya karkata ga mai ɗaukar kayan.

Hanyar dai ba gajera ba ce. Zuciya da tsokoki sun dogara da maiƙo wajen aikinsu, kuma da waɗannan 'yan dako suke karɓarsa. Maganin da zai tare ƙofar ga cutar dole ya bar ta a buɗe ga zuciya, kuma nasara a ɓera ba ta zama nasara a mutum sai an gwada.

Akwai abin da ya riga ya tabbata. A 2016, hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaure ƙiba mai yawa da nau'o'in cutar 13, ciki har da na hanji, hanta, ƙwan mace, da na mama bayan ɗaukewar al'ada. Ga ma'aikacin da ke wuni kan kujera, a cikin al'ummar da har yanzu ke kallon teɓa a matsayin shaidar wadata, wannan ne labarin da ya shafe shi yau. Kitsen da ya fi cancantar a sa wa ido shi ne wanda ya taru a ƙugu, ba cokalin da ke cikin tukunya ba.