Singafo: Hasken Rana A Ƙasar Da Ba Ta Da Fili

Ɗalibaina kan tambaye ni dalilin da ya sa nake yawan kawo misalin Singafo duk lokacin da ake batun lantarki daga hasken rana. Dalilin shi ne, ban san wata ƙasa da wannan sana'a ta fi yi wa wuya ba.

Singafo tsibiri ne kusa da Maleshiya, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 750 ba, amma mutum wajen miliyan 6 ne ke zaune a cikinsa. Ba ta da man fetur, ba ta da babban kogin da za a datse. Kimanin kashi 95 cikin 100 na lantarkinta daga iskar gas ake samar da shi, kuma gas ɗin sayo shi take yi. Ga yawan hadari da ruwan sama da ke rage ƙarfin rana. Farantan sola kuwa fili suke ci, abin da ya fi komai tsada a can.

Da fili ya gagara, sai suka ɗaga kai sama. A 2014 gwamnati ta ƙaddamar da shirin SolarNova, wanda ya tattara rufin gidajen gwamnati, inda akasarin jama'a ke zaune, da na ma'aikatu, ya miƙa wa kamfanoni a dunƙule. Kamfani ne zai sa jarinsa ya kafa farantai, ya kula da su, ya sayar da wutar. Sannan suka koma kan ruwa: a 2021 aka buɗe tashar madatsar Tengeh, farantai 122,000 suna yawo a kan ruwa, masu ƙarfin megawat 60. A 2023 kuma aka buɗe babbar ma'ajiyar batura a tsibirin Jurong domin cike giɓi idan gajimare ya rufe rana.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyarsu. Da suka sa burin kaiwa megawat 2,000 kafin 2030, su da kansu suka faɗa cewa hakan kusan kashi 3 cikin 100 kawai na buƙatarsu zai biya. Ba su yaudari jama'a ba, ba su kuma raina ƙaramin rabon ba. Domin ƙara rage dogaro da gas, a 2022 suka fara sayo wutar ruwa daga Laos ta hanyar Tailan da Maleshiya.

Mu a nan Arewa, Allah Ya ba mu rana da fili. Sai dai kowane magidanci shi kaɗai yake fama da sayen faranti da baturi, mai hali ya samu, talaka ya kwana cikin duhu, alhali rufin makarantu da asibitoci da kasuwanni na nan rana tana dukansa a banza. Singafo ba ta fi mu rana ba. Tsari ta fi mu, kuma tsari abu ne da ake koya.