"Ya Yi Daɗi" Ba Sharhi Ba Ne

A ƙarshen zango na biyu na ba 'yan aji biyar aikin hutu. Na ce kowa ya karanta Shaihu Umar, ya rubuto mini shafi biyu a kan abin da ya gani a ciki. Da aka dawo na tattara takardu na zauna dubawa. Kusan duka tafiyarsu ɗaya ce. Mutum zai maimaita mini labarin tun daga farko har ƙarshe, sai ka ce ni ban taɓa buɗe littafin ba, sa'an nan ya rufe da cewa littafin ya yi daɗi, kuma yana koya mana haƙuri. Shi ke nan. Ban hana kowa maki ba, gama sun karanta, wannan ma abin godiya ne. Amma na ƙudura a raina sai na yi magana a kan wannan a mujallarmu ta bana.

'Yan'uwana ɗalibai da malamai, "ya yi daɗi" ba sharhi ba ne. Yarinya mai koyon girki in ta sha miyar maƙwabciya ta ji daɗi, ba ta tsayawa nan. Sai ta tambaya, daddawa nawa aka sa, yaushe aka kaɗa kuka, me ya sa tata take tsinkewa wannan kuwa ta kama jikinta. Haka labari yake. Mu kuwa a nan da yawanmu masu ba da labari ne, ko mun sani ko ba mu sani ba. Akwai masu koyarwa a Makarantar Lahadi, akwai 'yan wasan kwaikwayo, akwai waɗanda za su zama fastoci da 'yan jarida, akwai kuma waɗanda wata rana 'ya'yansu za su kewaye su da dare suna roƙon tatsuniya. Ra'ayina shi ne, babu wanda zai gwanance a wannan aiki sai ya koyi kwance labarin wani ya ga yadda aka ɗinka shi, ya ga inda ɗinkin ya yi kyau da inda ya yi sako-sako.

Takarda ɗaya ce ta fita dabam, ta wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba. Ita ta ce a ganinta ba Umar ne ya riƙe littafin ba, uwarsa ce. Dalilinta kuwa, Umar ba ya zaɓar kome. An sace shi yana yaro, an kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya tafi da shi Masar ya sa shi karatu, duk abin da ya same shi wani ne ya yi masa. Ba ya kuskure, ba ya fushin da zai ja masa nadama. Uwar kuwa ita ta tashi da ƙafarta ta shiga duniya neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, ta ƙetare hamada cikin wahala, kuma da ta gan shi ba ta daɗe ba ta rasu. Yarinyar ta ce a nan ne ta ajiye littafin ta share hawaye, ba a wurin karatun Umar ba. Ta ƙara da cewa tsirar Umar ta yi yawa: kura ta kashe ɓarawon da ya sace shi ta bar shi, guguwar rairayi ta binne ayari ya fita da ransa. Sau ɗaya ka ce ikon Allah, amma in abin ya yawaita sai mai karatu ya daina jin tsoro a kansa.

Ban yarda da ita a kan kome ba. Marubucin yana so ya nuna mutumin da Allah ya tsare domin wani aiki, shi ya sa ya bar shi a hannun ƙaddara. Duk da haka, wannan yarinya ta tashi da abubuwa biyu da sauran ba su samu ba. Ta gane cewa mai karatu yana bin wanda ke da abin da zai rasa, kuma ta gane cewa sa'a in ta yi yawa tana kashe labari. Ran da za ta rubuta nata, ba za ta kawo wani kawu mai kuɗi daga Legas a shafin ƙarshe ya biya bashin kowa ba, kamar yadda nake gani a labaran da ake kawo mini.

Kada wani ya zaci manyan marubutanmu da baiwa kaɗai suka tashi. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar hukumar fassara da talifi a Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, malami ne a Makarantar Midil ta Katsina a lokacin. A 1936 aka kira shi Zariya ya yi wata shida, aka tara masa littattafan labaru na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya yi ta karantawa. Daga wannan zama Magana Jari Ce ta fito. Masana sun bi sawun labaransa da yawa har gidajensu na asali, kamar Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa. To, me ya sa in kana karantawa ba ka jin ƙamshin baƙunta? Domin Imam bai kwafa ba. Ya auna kowane labari, ya zubar da abin da Bahaushe ba zai gane ba, ya sa masa sarki da waziri da fada irin namu, ya ba mutanen bakin da muka saba ji a kasuwa. Sa'an nan a littafi na farko ya ɗaure su da igiya guda: aku yana ba Musa ɗan sarki labari domin ya hana shi fita, gama in ya fita makircin Waziri zai rutsa da shi. Wato kowane labari yana da aikin yi. Wannan ba sa'a ba ce, aikin mai karatu ne wanda ya san abin da yake nema.

Har littafin da ya ɓata maka rai yana iya zama malaminka. Chinua Achebe yana ɗalibi a Ibadan ya karanta Mister Johnson, littafin da Bature Joyce Cary ya fitar a 1939 a kan wani akawu a Arewacin Nijeriya. Turawa sun yaba littafin ƙwarai. Achebe kuwa ya ga akawun ba mutum ba ne, abin dariya ne kawai aka sassaƙa. Bai tsaya ga jin haushi ba, ya nemi inda laifin yake, ya gane cewa an kalli mutumin daga waje ne ba a shiga zuciyarsa ba. A 1958 ya fitar da Things Fall Apart.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a ofishin malamai. Wai wace ce 'yar aji biyar da za ta ga laifin littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da ya zama Firayim Minista? Wai muna koya wa yara raina manya. Ni ban ga raini a nan ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya zauna ya karanta littafi sau biyu har ya iya nuna shafin da ya yi rauni, ya fi girmama marubucin bisa ga wanda ya yaba daga bango. Rainin da na sani shi ne a ce littafi banza ne ba tare da an kawo dalili ba. An ga irin wannan a shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, aka yi ta jayayya a jaridu a kansu. Waɗanda suka karanta suka kawo hujja, ko ta suka ko ta kariya, sun amfani marubuta. Waɗanda suka yi musu kuɗin goro ba su gyara kome ba, gama cikin tarin nan akwai shirme, akwai kuma irin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya kai har an fassara shi zuwa Turanci. Haka yake da labaran da ake karantawa a waya yanzu. Hana yaro karantawa ba ya koya masa bambanta tsaba da tsakuwa.

Mu da muke da Littafi Mai Tsarki a hannu ma mun fi kowa rashin hujja. Ba ina cewa mu nemi laifi a Maganar Allah ba, ina cewa mu lura da yadda aka gina labaran da ke ciki. Ku duba 2 Sama'ila sura 12. Annabi Natan ya je wurin Sarki Dawuda bayan abin da ya yi wa Uriya. Da ya shiga da faɗa, wataƙila da dogarai sun fitar da shi. Sai ya ba da labarin attajiri mai garkuna da matalauci mai 'yar tunkiya guda. Ku lura da inda ya daɗe: a kan yadda 'yar tunkiyar take ci tare da mutumin, take sha a ƙoƙonsa, take kwana a jikinsa. Sai da ya sa Dawuda ya ƙaunaci dabbar kafin a yanka ta. Sai da sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan Natan ya gaya masa ko wane ne attajirin. Darasin ya zo a ƙarshe, kuma gajere ne.

Mu fa? Na taɓa kallon wasan ɓataccen ɗa na Luka sura 15 a wata majami'a lokacin Kirsimeti. Yaran sun yi ƙoƙari, mai yin uban har ya sa tsofaffi hawaye. Amma a cikin Luka labarin ya tsaya ne uban yana waje yana lallashin babban ɗan, ba a gaya mana ko ya shiga bikin ko bai shiga ba. Da gangan ne, gama Farisiyawan da ke gunaguni su ne babban ɗan, amsar tana wurinsu. Masu wasanmu sai suka ga kamar an manta da wani abu. Suka shigar da shi, aka rungumi juna, sa'an nan wani ya fito da takarda ya karanto darussa har bakwai. Kafin ya kai na huɗu mata sun fara neman takalman yaransu. Da wani cikinsu ya taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa labarin ya tsaya inda ya tsaya, da jama'a sun koma gida da tambayar tana cinsu.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Duk wanda ya ari littafi a laburare, in ya gama ya rubuta ko da rabin shafi ne. Kada ya maimaita labarin, jimla uku ta isa. Ya faɗi wurin da ya kasa ajiye littafin, da wurin da ya fara hamma, ya kawo lambar shafi, ya faɗi dalili. Ya faɗi wanda ya fi tsaya masa a rai. A Ruwan Bagaja, alal misali, yawancinmu Malam Zurƙe muke tunawa, ba ruwan da aka fita nema ba, kuma ya kamata mu tambayi kanmu me ya sa. In labarin abokinka ne kake dubawa, fara da abin da ya yi daidai, kuma ka yi magana a kan rubutun, ba a kan mai rubutun ba. In naka ne ake dubawa, rufe bakinka ka saurara har a gama. Wannan ya fi wuya, ni ma har yanzu ina fama.

Mai kula da laburare ya yarda zai ajiye kwali kusa da ƙofa domin waɗannan takardu, waɗanda suka fi kyau kuma za mu liƙa su a allon sanarwa. Zango mai zuwa 'yan aji biyar za su fara da Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Kwafinsa kaɗan ne a laburare, don haka wanda ke da shi a gida ya taho da shi bayan hutu.