Wanda Ya Rasa Aiki Kada Ya Rasa Magani

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan 'yan Najeriya, Jihar Katsina kuma tana da hukumarta, KTSCHMA. Sai dai gudummawar ma'aikaci daga albashinsa ake cire ta. Ranar da aiki ya ƙare, mai ciwon suga ko hawan jini zai koma Dayi da cutarsa, babu mai biya masa. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya fi shiga tasku, domin batirinta yana ƙarewa bayan wasu shekaru, canza shi kuwa sai da tiyata.

Manzon Allah (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan abincinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage su raba daidai, mai yawa da mai kaɗan. Da wannan hadisi malamai ke kafa hujjar takaful.

Muna kira ga KTSCHMA da ta shigar da irin waɗannan marasa lafiya cikin shirin masu rauni, kada daɗewar cuta ta zama dalilin hana su. Manoman Malumfashi da Funtua kuma su ba su rabo daga zakkar kaka, su sabunta rajistarsu da shi.