Ga Masu Cewa Alƙalaminsu Ba Ya Komawa Baya

Akwai wani alfahari da ya yaɗu a tsakanin matasanmu masu rubutu a nan Abijan, daga Belleville ta Treichville har zuwa lungunan Adjamé. Za ka ji yaro ya miƙo maka labarinsa a waya yana cewa, "Yaya, zama ɗaya na yi masa, ko komawa kansa ban yi ba." Yana faɗa yana jiran ka jinjina masa. To ni ba zan jinjina ba. Wanda ya ce bai koma kan rubutunsa ba ya shaida maka da bakinsa cewa shi kansa bai karanta abin da yake roƙon ka karanta ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in kashe dare a kan abin da mai shi ya ƙi kashe wa awa guda ba.

Amma kafin in ɗora wa yaran laifi duka, sai mu duba inda suka koyo ɗabi'ar. A lakwal suka koyo ta. Duk wanda ya zauna a lise a ƙasar nan ya san yadda ake rubutun dissertation: a ba ka batu, a ba ka awa huɗu, ka yi ɗan zane-zanenka a takardar da Faransawa ke kira brouillon, sannan ka kwafe a takarda mai tsabta, ka miƙa. Bayan mako biyu ko uku mushe ya dawo maka da ita, jan biro ya bi gefenta kamar an yanka kaza a kai, a sama an rubuta 8 bisa 20. Ka ninke ta ka cusa cikin kaye, an wuce wurin. Babu wanda zai ce maka ka tafi da ita gida ka sake ginin hujjarka ka dawo. Batu na gaba ne ke jira. A haka yaro zai yi shekara bakwai daga aji shida har BAC, ya rubuta takardu masu yawa, amma bai taɓa rubuta takarda ɗaya sau biyu ba.

Abin da wannan tsari ke dasawa a zuciya shi ne cewa gyara hukunci ne. Jan biro na zuwa ne bayan an gama shari'a, domin ya nuna maka inda ka faɗi. Don haka yaro ya taso yana ganin mai ƙoƙari shi ne wanda ba a gyara masa, mai komawa kan aikinsa kuwa rago ne da bai iya tun farko ba. Idan ya girma ya fara rubuta labarai da Hausa, da wannan tunani yake shigowa.

Jami'o'in Amurka suna da wani darasi da kusan kowane ɗalibin shekarar farko ke bi ta cikinsa, na koyon tsara rubutu. A can ɗalibi kan miƙa zubin farko, malami da 'yan aji su yi masa tambayoyi, ya koma ya sake, a ƙarshen zango ya tattara zube-zuben ya rubuta bayanin abin da ya canza da dalilin canzawar. Ba don Amurka ce na kawo misalin ba, su ma suna da nasu shirmen. Na kawo shi ne saboda wani bincike da ya fito daga cikin wannan darasi. A 1980 wata malama mai suna Nancy Sommers ta wallafa nazarin da ta yi a kan ɗalibai 20 da ƙwararrun marubuta 20, ta sa kowa ya yi rubutu ya kuma sake shi. Ta tarar ɗaliban sun ɗauki gyara a matsayin sauya kalma da kalma: a cire wadda aka maimaita, a sa wata mai kyan ji. Ƙwararrun kuwa a wajen sakewar ne suke gano abin da suke son faɗa, su rushe sashe guda, su ɗauko ƙarshe su mai da shi farko. Ɗalibin yana share ƙurar ɗaki, magini kuma yana duba ko bangon ya miƙe. Matasanmu, idan ma sun yi gyara, irin na farkon suke yi.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Littafin da ake karantar da yaranmu a lise, wanda tsofaffin kwafensa ke shimfiɗe a ƙasa wajen masu sayar da littattafan hannu a Adjamé, shi ne babbar shaidata. Ahmadou Kourouma, Bamalinke ɗan arewacin ƙasar nan, ya rubuta Les Soleils des indépendances bayan kamun da aka yi masa a 1963, zamanin da Houphouët-Boigny ke zargin mutane da ƙulla masa makirci. Ya aika wa masu ɗab'i a Paris, suka mayar masa. Faransancin nasa ya yi musu wani iri, domin ya tanƙwara shi ya bi tafiyar harshen Malinke. Sai a Kanada aka karɓe shi, inda ya ci kyautar mujallar Études françaises, jami'ar Montréal ta buga shi a 1968. Amma kafin a buga, Georges-André Vachon, wanda ke jagorantar mujallar, ya nemi ya zubar da dogayen shafukan da suka fi kama da rahoton jarida a kan siyasar lokacin. Kourouma ya zauna ya yanke. Bayan shekara biyu, a 1970, kamfanin Seuil na Paris ya sake buga littafin.

A lura da kyau, gyara iri biyu aka gabatar wa mutumin nan. Na farko shi ne a goge masa harshe ya zama irin na makaranta, wannan bai yi ba, kuma da ya yi da yau babu wanda ya san sunansa. Na biyu shi ne ya cire abin da ya fi ƙona masa rai, fushinsa a kan waɗanda suka ɗaure shi da abokansa, domin labarin Fama ya samu wurin numfashi. Wannan ya yarda. Har yanzu masana na jayayya ko yankan ya rage wa littafin kaifi ta fuskar siyasa, kuma jayayya ce mai ma'ana. Ni dai abin da nake gani shi ne marubucin da ya san wace shawara zai ƙi, wace zai karɓa, kuma ba a sanin haka sai an zauna da rubutu an juya shi sau da yawa. Yaron da bai taɓa sake shafi ɗaya ba, ranar da edita ya taɓa masa aiki, ko dai ya yi zuciya ya ƙi komai, ko ya sallama komai.

Mu dawo gida. Abubakar Imam yana malamin Midil ta Katsina ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, ya yi kimanin wata shida yana aikin Magana Jari Ce, yana rubutawa East na dubawa suna tattaunawa. Da yawan labaran da ke ciki asalinsu na Larabawa ne da Indiyawa da Turawa, daga Alfu Laila zuwa tatsuniyoyin Jamus. Abin da ya sa Bahaushe ke karanta su ya rantse a ƙofar gidansu aka yi, shi ne sassaƙar da suka sha. Wanda muke kira uban ƙagaggun labaran Hausa bai ji kunyar a duba masa aiki ba, sai kai da ka fara jiya?

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a majalisar shayi. Za a ce rubutu baiwa ce, a ce Mamman Shata nan take yake ƙirƙirar waƙa a gaban jama'a ba tare da takarda ba. Gaskiya ne. Amma duk mai sauraron Shata ya san Bakandamiya ba zubi ɗaya ba ce, ya yi ta rera ta shekara da shekaru, yana ƙari yana ragi. Makaɗi a gaban jama'a yake nasa gyaran: idan baiti bai motsa kowa ba yana gani a fuskokinsu, gobe ba zai maimaita shi ba. Marubuci ba ya ganin fuskar kowa. Mai karatunsa na can Maraɗi ko Kumasi, ba zai iya ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Komawa kan rubutu ita ce hanya ɗaya da marubuci ke da ita ta zama a kujerar wannan mutumin kafin takarda ta isa gare shi.

Sai kuma uzurin waya. Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad za su ce masu karatu ba sa haƙuri, kullum sai an ba su na yau. Shi ya sa za ka ga labari ya kai shafi tamanin, wadda aka ce marainiya ce a shafi na uku ga mahaifinta ya fito a na hamsin babu bayani. Ban cika damuwa da "yace" da "dashi" da ake haɗewa ba, ko ƙ da ɗ da suka ɓace, duk da cewa yaron da ya tashi a Treichville da Faransanci a aji, Julanci a kasuwa, Hausa a tsakar gida, yana buƙatar ya zauna ya koyi ƙa'idar rubutun Hausa tun da babu lakwal ɗin da ta koya masa. Wannan aikin mako kaɗan ne. Ciwon da ya fi shi ne labarin da marubucinsa bai san inda ya dosa ba, kuma ya riga ya saki rabinsa, babu damar komawa. Magana zarar bunu ce. Wa ya hana ka gama labarin, ka ajiye shi wata guda, ka sake shi, sannan ka fara saki kullum?

Malaman lise ma suna da nasu uzurin, kuma nasu ya fi ƙarfi. Mutumin da ke riƙe da aji huɗu ko biyar cike maƙil ba zai iya duba kowace takarda sau biyu ba. Na yarda. To a rage yawan batutuwan. Cikin takardun zango, a ware guda ɗaya tak wadda za a mayar wa yaro da tambayoyi biyu a gefe maimakon maki, ya sake ta, makin zubi na biyu ne zai shiga lissafi. Yawan takardun da mushe zai duba bai ƙaru ba, amma yaron ya ɗanɗana abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba, wato ganin tunaninsa ya fi na makon jiya. Ko a makarantar allo malam ba ya duba allo ya sallami almajiri da kuskurensa, sai ya gyara ya sake kawowa.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan batu shi ne akwai labaran da ke jiran marubuta a unguwannin nan. Tsofaffin fataken goro da suka zo tun kafin 'yancin kai na 1960 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai dillalan dabbobi na Port-Bouët, akwai 'yan Nijar da suka sa garba ta zama abincin Abijan baki ɗaya har sunan ya bi ta. Akwai abin da baƙi suka gani a 2002, da kuma watannin rikicin zaɓe daga ƙarshen 2010 zuwa Afrilun 2011, lokacin da sunan mutum kaɗai kan iya jawo masa halaka a shingen hanya. Wanda zai rubuta waɗannan, zubinsa na farko kuka ne da zagi, kamar yadda na Kourouma ya cika da fushi, kuma haka ya kamata ya kasance. Amma idan a nan ya tsaya, 'yan unguwarsu ne kawai za su karanta, su ma don sun san shi.

Saboda haka daga yau, ƙanena, idan za ka turo mini labari, ka turo zubi biyu, na farko da wanda ka sake, ka kuma gaya mini abin da ka cire. Idan guda ɗaya ne a hannunka, riƙe abinka tukuna, ina nan Belleville ba inda za ni.