Ga Masu Kiran Ganin Ƙasa Yawon Banza

Tun daren da wani Alhaji, babban attajiri na birnin Maraɗi, ya zauna a gidan rediyo ya yanke hukunci cewa malamin lakwal ɗin nan namu na Jiratawa, wanda ya nemi hutun shekara guda ba albashi ya shiga mota ya zaga ƙasar Nijar, ya yi almubazzaranci da ƙuruciyarsa, kuma wai tafiya don kallo ɗabi'ar Nasara ce wadda ba ta kamaci ɗan Musulmi ba, maganar ta zama abin taunawa a kowace majalisa daga bakin kasuwa har Tibiri, kowa yana gyaɗa kai ba tare da ya nemi dalili ba. Ni ban gyaɗa ba, kuma ba zan gyaɗa ba, domin magana ce wadda ba ta da madogara a shari'a, ba ta da ita a tarihi, illa dai mai ita yana da dukiyar da ke sa a saurare shi.

Wace Nasara? Ashe Alhaji bai taɓa jin malamai suna karanta ayoyin da suka yi umarni da tafiya a bayan ƙasa domin i'itibari ba? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya bar gida ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, kuma ƙarni huɗu kafin haihuwarsa Ibn Baɗɗuɗa ya ratsa Takedda a 1353 yana duba mutane da sana'o'insu, ba da niyyar fatauci ba, sai domin ya gani ya bayar da labari. Rihla, wato tafiyar neman sani, gadonmu ce tun kafin Bature ya san hanyar Gulbin Maraɗi, kuma wanda ya jingina ta ga Nasara ya yi musu kyautar abin da ba nasu ba, ya kuma tona jahilcinsa a bainar jama'a.

Malamin nan shekara da shekaru yana tsayawa gaban allo yana nuna wa yara taswira da tsinken kara, yana cewa nan ne Ayar, nan ne kogin Kwara, alhali shi kansa bai taɓa wuce Tasawa ba. Yanzu ya bi gudro zuwa Damagaram, ya shiga unguwar Birni ya ga fadar Sarki, ya tsaya a garin da ya kasance hedkwatar ƙasa har 1926 kafin a mayar da ita Yamai. Ya haura Agadas ya hau hasumiyar masallacin nan ta laka, mai tsawon mita 27, wadda itatuwa suka fito daga jikinta ta kowace fuska, ya matse kafaɗunsa cikin ƙunƙuntar matakalarta har ya leƙo birnin daga sama. Ya gangaro ta Tawa da Ƙonni da Dogon Dutse, ya isa Kure inda raƙuman dawa ke miƙa wuya suna cin ganyen itace a gefen gonakin talakawa. Da ya dawo, wani yaro ya tambaye shi ko raƙumin dawa ya fi na Buzaye tsawo, sai ya ɗaga hannu ya nuna masa reshen gawon da ke bakin lakwal ya ce kansa yana kaiwa can, yaran duka suka ɗaga kai suna kallon reshen. Wane littafi ne zai koyar da wannan? Gani ya kori ji, kuma ɗiyanmu ne suka ci ribar ganin.

An ce hanya ba lafiya. To, manyan motocin Alhaji ta sama suke bi? An ce ya bar iyali. Iyalinsa ba su kai ƙara wurin kowa ba, kuma mai shafe wata uku a Kwatano yana jiran kwantena ba shi ne zai yi wa wani wa'azin zaman gida ba.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, a wurin waɗansu attajiran birni tafiya ba ta da hurumi sai idan ta dawo da kaya a bayan mota, mutum kuma ba shi da daraja sai gwargwadon abin da za a iya auna masa a sikeli, kuma mu mutanen Jiratawa mun daɗe da sanin wannan ma'auni domin a kanmu aka fara gwada shi. Tun da aka buɗe fadamar noman rani a nan, matanmu ke sammako suna tsige zogale har yatsunsu su yi kore, su cusa shi a buhu, sannan dillalin birni ya zo da hantsi ya taɓa buhun da ƙafa ya faɗi kuɗin da ya ga dama, da sanin cewa ganye ba ya jiran gobe. Da ribar wannan ganye ake zuwa Dubai sau biyu a shekara, a dawo ba a san komai game da ƙasar ba face farashin atamfa da na waya, sannan a zauna a rediyo a kira ɗanmu almubazzari. Ga Madarumfa nan kusa da mu, da tafkinta da kaburburan waliyyanta, nawa ne cikinsu suka taɓa kai 'ya'yansu ziyara? Nawa ne za su iya gaya wa jikokinsu cewa Ɗan Kasawa ne ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi, ko cewa ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta kori birnin daga kwari zuwa tudu?

Abin da nake roƙon mahukuntan ilmi shi ne kada su bari surutun rediyo ya sa su ƙuntata wa malamin da zai nemi irin wannan hutu nan gaba, kuma su ajiye masa gurbinsa har ya dawo. Alhaji kuwa, in yana da sauran magana, ya zo Jiratawa ya faɗe ta a gaban iyayen yaran, ya kuma zo da amsar kuɗin buhun zogale.