Kafin ki bi maigida Kanada ko Birtaniya: abin da likitan biza yake dubawa



Duk wanda ya saba bin hanyar Minna zuwa Bida ya san Garatu da kasuwar doyarta, ya kuma san ba ta da nisa da Gidan Kwano, mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Daga irin waɗannan jami'o'i malamai da ɗalibai suke fita ƙarin karatu a ƙasashen waje, wasu su samu aiki su zauna. A Garatu da Bosso da Tunga, kamar a Kano da Zariya, za ki samu gidan da maigida yake Kanada ko Birtaniya, matarsa da yara suna nan suna jiran ranar da takarda za ta fito. Da ke nake magana a wannan makon, 'yar'uwa mai jira, da kuma iyayen da ke riƙe da ke.

Tambayar da aka fi kawo mana a kantin magani ita ce: "Akwai maganin da zan sha kafin gwajin biza don jinina ya fita tas?" Amsa ita ce babu, kuma neman irinsa shi ne hanya mafi sauri ta ɓata tafiyar. Yawancin cututtukan da mata ke tsoro ba sa hana zama. Ɓoye su ne yake hanawa.

Ki fara sanin matsayin mijinki

Ba kowane miji da ke waje ne zai iya ɗaukar nauyin matarsa ta samu izinin zama na dindindin ba. A Kanada, sai ya zama ɗan ƙasa ko mai izinin dindindin, kuma zai sa hannu cewa shi ke da alhakin ci da sha da matsuguninki har shekara 3 daga ranar da kika samu izinin. Wanda yake kan bizar karatu bai kai wannan matsayi ba tukuna.

A Birtaniya tsarin ya bambanta. Matar ɗan ƙasa ko ta mai zaman dindindin tana fara shiga da bizar wata 33, ta sabunta ta wata 30, sai bayan shekara 5 ta nemi zaman dindindin. Tun Afrilun 2024 ana son mai ɗaukar nauyi ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, ita kuma matar ta ci jarrabawar Turanci ta matakin farko. Tun Janairun 2024 kuma yawancin masu karatun digiri na biyu ba su da ikon tafiya da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Dokokin nan suna sauyawa, saboda haka ku duba shafin gwamnatin ƙasar da kanku kafin ku biya kowa ko sisi.

Abin da ake yi a ɗakin likita

Takardar lafiya daga babban asibitin garinku, komai girman likitan da ya sa hannu, ba ta aiki a nan. Ƙasashen biyu suna karɓar sakamako ne kawai daga asibitocin da suka amince da su, kamar cibiyoyin Hukumar Ƙaura ta Duniya, IOM, da ke Abuja da Legas. Ga mai zama a Minna, Abuja ce kusa. Ki tafi da fasfo, da tabarau idan kina sawa, da takardun asibiti na baya, da jerin magungunan da kike sha.

Birtaniya tarin fuka take nema. Ana ɗaukar hoton ƙirji ga duk wanda ya kai shekara 11, kuma takardar shaidar wata 6 take yi ta lalace. Kanada ta fi zurfafawa: likita zai yi tambayoyi kan tarihin lafiyarki, ya duba jiki, a ɗauki hoton ƙirji daga shekara 11, a gwada jini don HIV da tunjere daga shekara 15. Sakamakon yana aiki na wata 12. Wannan ya sa ba a gaggawar yin gwajin tun takardu ba su haɗu ba, don kada wa'adinsa ya ƙare a sake biya.

Ga abin da mata da yawa ba su sani ba. Kanada tana iya ƙin wasu masu neman zama idan jinyarsu za ta yi wa asibitocinta nauyi, amma wannan ƙa'ida ba ta hawa kan matar da mijinta ya ɗauki nauyi, haka ma 'ya'yan da ke ƙarƙashinsu. Ke nan hawan jini, ciwon suga, sikila, asma, har da HIV, ba su ne za su rufe miki ƙofa ba. Abin da suke tsayawa a kai shi ne cutar da ke barazana ga jama'a, wato tarin fuka mai yaɗuwa da tunjeren da ba a yi wa magani ba. Duka biyun kuma suna warkewa.

Ɓoye gaskiya kuwa hukuncinsa mai tsauri ne. Idan hukumar shige da ficen Kanada ta gano an yi ƙarya a takarda ko an ɓoye muhimmin bayani, haramcin shekara 5 ne. Ki auna: wata shida na shan magani, ko shekara biyar na rabuwa da miji.

Tarin fuka: inda jinkiri yake fitowa

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, shi ya sa ake tsananta mana. Idan hoton ƙirjinki ya nuna wani tabo, ko da tsohon tabo ne, za a karɓi kakinki safiya uku a kai ɗakin gwaji. Ƙwayar cutar tana jinkirin tsiro, don haka sakamakon kan kai mako 8. Wadda ta sa ranar tafiya a ranta ba tare da lissafin wannan ba, ita ce ke shiga damuwa.

Saboda haka shawarata ita ce ki riga su. Idan kina tari sama da mako 2, ko zufa da daddare, ko rama babu dalili, ko wani a gidanku ya taɓa yin tarin fuka, ki je a gwada ki tun yanzu. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware a asibitocinta. Maganin wata 6 ne: wata 2 na farko ƙwayoyi huɗu a haɗe, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sai wata 4 da biyun farko. Idan kin gama, ki karɓi katin jinyar ki adana shi kamar fasfo, domin likitan biza zai tambaye shi.

Abubuwa uku nake jan kunne a kansu. Na farko, kada ki sayi ciprofloxacin ko levofloxacin ki sha don tari ya lafa kafin gwaji. Suna danne ƙwayar tarin fuka na ɗan lokaci ba tare da sun kashe ta ba, su rikita sakamako, su kuma iya sa ta bijire wa magani daga baya. Na biyu, rifampicin yana mayar da fitsari ja-ja, wannan ba abin tsoro ba ne, kada ki daina sha saboda shi. Na uku, yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu, don haka ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya ta sauya miki hanya.

Mai juna biyu ta faɗa tun a bakin ƙofa. Akwai zaɓin jinkirta hoton ƙirji har bayan haihuwa, kuma Birtaniya tana karɓar gwajin kaki a madadinsa. Jaririn da aka haifa ana tsakiyar neman takarda, dole a sanar da hukuma a saka shi a ciki.

Mai hawan jini ko ciwon suga kuma ta sha maganinta ranar gwaji kamar kullum. Wasu kan daina sha don kada a gane, sai su isa gaban likita jini ya hau, a tura su ƙarin bincike, a ƙara musu makonni.

Aurenmu a idon dokarsu

Wannan ba fannin magani ba ne, amma na ga yadda yake hana mata barci, shi ya sa ba zan tsallake shi ba. A wurinmu waliyyin amarya da wakilin ango su ke ɗaura aure a masallaci ko ƙofar gida, amarya tana ciki, wani lokaci ango ma yana wata ƙasa. Aure ne ingantacce a addini da al'ada. Amma tun 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta wakilci ko ta waya, wanda ɗaya daga cikin ma'auratan bai halarta da kansa ba, kuma ba ta karɓar matar da ba ta kai shekara 18 ba. Birtaniya ta fi sassauci kan wakilci matuƙar auren ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi.

Wasu kan ruga rajistar aure ta gwamnati don gyara wannan. Kafin ku yi, ku zauna da lauya da malami, domin auren rajista a dokar Najeriya na mace ɗaya ne, kuma yana iya taɓa batun gado. Batun kishiya ma a fili yake: ƙasashen biyu ba sa ba mace ta biyu izinin zama a matsayin mata alhali ta farko tana can a wannan matsayi. Gara a faɗa wa juna gaskiya tun a gida da a bar mace tana jiran abin da ba zai zo ba.

Sai sunaye da ranakun haihuwa. Idan fasfo ya ce Aisha, katin ɗan ƙasa ya ce A'ishatu, takardar aure kuma ta zo da wata shekara daban, a gyara kafin a cike fom. Kowane yaro a rubuta shi, har da na auren baya da wanda zai zauna wurin kakarsa. A tsarin Kanada, yaron da ba a ambata ba kuma ba a duba lafiyarsa ba, ɗauko shi daga baya kan zama babban aiki.

Jakar magani

Idan Allah Ya sa takarda ta fito, ki tuna can ba a shiga kanti a ce "ba ni maganin infekshan" a miƙo. Sai da takardar likita, kuma samun likitan iyali kan ɗauki lokaci. Ki tafi da maganin da zai kai ki kamar wata 3, a cikin kwalinsa na asali, tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunanki da sunan maganin na kimiyya da yadda ake sha. Sunan kamfani kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma amlodipine ko metformin sunansu ɗaya ne ko'ina. Insulin a jakar hannu ake riƙe shi, domin sanyin ɗakin kayan jirgi yana iya daskarar da shi ya lalace.

Tramadol da codeine da diazepam magunguna ne da doka ta sa wa ido. Kada ki ɗauke su babu takardar likita, kada kuma ki karɓi saƙon magani na wani, ko da ɗan'uwa ne. Garin magani na gargajiya da kayan mata da aka ƙulla a leda babu suna, suna iya tsayar da ke a filin jirgi. Katin rigakafin yara kuwa ki sa shi tare da fasfo, domin makaranta da asibiti za su nema. Idan akwai allurar da ta wuce yaro, a cike ta a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa tun kuna gida.

Haƙƙinki bayan kin isa

Ki riƙe fasfonki da takardunki a hannunki, ki kuma bar kwafinsu wurin iyayenki. Kanada ta soke sharaɗin zama tare na shekara 2 tun 2017, saboda haka izinin dindindin da kika samu naki ne, miji ba zai iya karɓe shi don an samu saɓani ba. Birtaniya ma tana da hanyar da matar da aurenta ya mutu saboda cin zarafi za ta nemi zaman dindindin da kanta. Ba fata muke yi ba, amma mace mai nisa da danginta ya kamata ta san inda ƙofa take.

Jiran kansa ciwo ne. Idan barci ya ƙaurace miki, ko kuka ya yi yawa, ko abinci ya fita ranki har makonni, ki ga likita. Kada ki fara da ƙwayar barci daga kemis, domin sabo da ita yana da sauri, fita kuma da wuya. Iyaye da surukai, ku ma a rage tambayar "yaushe za ki tafi?" Ba ita ke riƙe da hatimin ba.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake adana insulin da magungunan yara a lokacin zafi idan babu wuta. Allah Ya haɗa kowace mace da iyalinta cikin lafiya.