Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Awon Lafiyar Inji da Shirin Sabunta Shi

Da zarar kaka ta kama a ƙasar Magariya da Dungas, tashar mota ba ta barci. Buhunan wake da gyaɗa da riɗi suna jiran a ɗauke su, rake yana fitowa daga fadamun Korama wajen Bande da Waca, masu dabbobi kuma suna ƙirga kwanaki zuwa Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. A cikin waɗannan watanni ne mai mota ke samun abin da zai riƙe gidansa har baɗi. A cikinsu ne kuma injin da aka daɗe ana lallaɓawa ke tsayawa cak a tsakiyar rairayi, da kayan mutane a kansa. Mai kaya ya rasa kasuwa, direba da yaransa su kwana a daji, mai mota ya buɗe rumbu ya sayar da hatsin iyali domin gyara. Haka shi ma ma'aikacin gwamnati da ya yi shekaru yana tsimi har ya sayi gwanjon mota ta Kwatano: kafin shekara ta zagayo sai a gan ta bisa duwatsu a ƙofar gida, awaki suna shan inuwarta. Akan ce tsautsayi ne. Amma da wuya inji ya yi mutuwar farat ɗaya. Yakan daɗe yana jinya, kuma jinyar tana da ma'auni.

Ran inji shi ne matsi. Kowane inji mai ƙona mai yana shaƙar iska, ya matse ta cikin rufaffen ɗaki, wuta ta tashi, ƙarfin fashewar ya tura ƙarfe. In ɗakin ya fara yoyo, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya yawaita. Abin da ke toshe ɗakin kuwa wasu siraran ƙarafa ne da za a iya rufewa a tafin hannu. A inji mai fistan, irin na Peugeot da Toyota da injin niƙa da na ban ruwa, su ne ringi, waɗanda wasu masu garaji ke kira sagman. Akwai wani inji na daban, wanda ba a cika ganinsa a hanyoyin ƙasar nan ba, da tarihinsa ya isa ya nuna irin ɓarnar da waɗannan ƴan ƙarafa ke iya jawowa.

A shekarar 1957 aka fara tayar da injin da wani Bajamushe mai suna Felix Wankel ya ƙago, a kamfanin NSU. Irin wanda aka sa wa motoci daga baya ba shi da fistan mai hawa da sauka, ba shi da bawul. Ƙarfe ne mai kusurwa uku da ke juyawa cikin wani rami mai siffar kwanson gyaɗa. Kowane gefe daga cikin ukun ɗakin wuta ne mai zaman kansa, kuma a bakin kowace kusurwa akwai ɗan matoshi mai kaurin milimita 2 zuwa 3 da ke gogar bango, yana raba ɗaki da ɗaki. Injin ƙarami ne, marar nauyi, ba ya jijjiga, don haka kamfanoni suka yi ta rububin sayen izinin ƙera shi.

NSU ya fito da motarsa Ro 80 a 1967, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1968. Sai matosan kusurwa suka dinga cinyewa, injuna da yawa suka lalace kafin su yi kilomita 50.000, kamfanin ya yi ta sauya wa masu saye inji kyauta har aljihunsa ya huje. A 1969 Volkswagen ya karɓe shi ya haɗe shi da Audi. A Faransa, Citroën ya fito da GS Birotor a 1973, daidai lokacin da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo. Ba a sayar da 900 ba, daga baya ma kamfanin ya bi masu su yana saye yana rushewa. Mazda na Japan ne ya jure. Ya sayi izini a 1961, injiniyoyinsa ƙarƙashin Kenichi Yamamoto suka shafe shekaru kan matsalar matoshin, har suka ci tseren awa 24 na Le Mans a 1991. Motarsu RX-8 ta tsaya a 2012, kuma a 2023 suka dawo da injin a matsayin ƙaramin janareto cikin mota mai lantarki.

Saboda wannan tarihi, masu irin wannan mota sun koyi abin da ya kamata kowane mai inji ya koya: ba su dogara da kunne, awo suke yi. Ana ɗumama injin, a cire buji, a ɗaura ma'aunin da ke ba da lamba uku ga kowane majuyi, wato lamba shida ga inji mai majuyi biyu. A littafin Mazda na RX-8, lafiyayyen matsi bar 8,3 ne idan injin yana juyi 250 a minti, mafi ƙaranci bar 6,8, kuma bambanci tsakanin gefe da gefe kada ya wuce bar 1,5. Lambobin suna faɗin inda ciwo yake. In gefe biyu sun faɗi tare, matoshin kusurwar da ke tsakaninsu ne ya karye. In gefe ɗaya ne, matoshin gefen ne. Alamar farko kuwa sananniya ce: motar ta tashi da sanyin safiya, amma in ta yi zafi aka kashe ta, sai ta ƙi tashi. Wanda ya buɗe injin a wannan mataki, matosai zai sauya. Wanda ya jira matoshi ya karye, gutsuren zai karce bangon ramin, shi kuwa bangon ba a rarake shi a sake amfani da shi, sai dai a sayi wani. Jinkirin ƴan watanni kan ninka kuɗin gyara.

Wannan darasi ya hau kan motocin tashar Magariya daidai wa daida. Ma'aunin matsi na inji mai esansi ƙaramin abu ne, kamar agogo mai tiyo, kuma aikin bai wuce rabin awa ba. A ɗumama inji, a cire buji duka, a taka totur har ƙasa, a juya inji, a rubuta lambar kowace silinda. Abin dubawa na farko shi ne daidaito: in wata silinda ta gaza ƴan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai magana. Sai a zuba mata cokali guda na man inji ta ramin buji a sake awo. In lamba ta tashi, ringi ne suka cinye, domin man ya toshe yoyon na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne. In silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ce ta ƙone. Inji mai gazuwal yana bukatar nasa ma'aunin, domin matsinsa ya ninka na esansi, kuma shi alamarsa ita ce ƙin tashi da safiyar hunturu.

Ido ma yana da nasa awon. Shuɗin hayaƙi man inji ne ke ƙonewa, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ya shiga ɗakin wuta, baƙin hayaƙi kuwa mai ne ya fi iska yawa. Man injin da ya koma kalar koko ya gauraya da ruwa. In an buɗe murfin zuba mai inji yana aiki, aka ga yana huci kamar tukunya, matsi ne ke zurarewa ƙasa. Fitilar mai da ke ƙiftawa in inji ya yi zafi yana tsaye, gargaɗi ce cewa ƙarafan da ke riƙe da sandar inji sun saki. Mai sayen gwanjo da ya ƙi yin wannan awo don kunyar dillali, ya sayi jinyar wani da kuɗinsa.

In awo ya nuna inji ya gaji, saura shiri, kuma shirin yana farawa da zaɓen lokaci. Mai motar haya ya buɗe injinsa a tsakiyar damina, sa'ad da kaya suka yi ƙaranci, domin kaka ta same shi a tsaye. Mai injin ban ruwa ya gama nasa kafin a dasa kayan lambu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuɗi. Kayan inji daga waje suke zuwa, farashinsu kuma ba ya hannun mai mota. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da aka saya jiya da jika goma daga Faransa ya koma neman jika ashirin. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Duk wanda injinsa ya mutu a waɗannan watanni ya san nisan da ke tsakanin Tinkim da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, inda ake sayo kayan gyara. Dabarar ita ce a ware wani abu daga kuɗin kowace tafiya, kamar zubin adashi, da sunan inji. Ofisoshi ma haka: motar aiki da ba a yi wa kasafin gyara ba, ƙarshenta zaman dirshan a bayan katanga.

Kayan gyara kuwa ba a sayensu kafin a buɗe inji a auna. Girman fistan da ringi ya danganta da yadda silinda ta cinye, haka ma ƙarafan sandar inji. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ta samu karɓuwa ne har da dalilin cewa rigunan silindarta ana zare su a sa sababbi tare da fistan ɗinsu. Jabun ringi ya fi kowane abu tsada, domin zai sa a biya kuɗin aiki sau biyu. Wanda ya zaɓi sayen cikakken inji na kwance, ya nemi a auna matsinsa a gabansa kafin kuɗi su bar hannunsa.

A wajen bakanike, a yi magana a fili tun farko: abin da za a sauya, kuɗin aiki, ranar gamawa, da sharaɗin a maido wa mai mota tsofaffin kayan da aka cire. A haɗa injin a wuri mai rufi, domin ƙurar da ta shiga ranar haɗi ita ce za ta cinye sababbin ringi. Bayan an tayar, a bi shi a hankali kimanin kilomita 1.000, ba lodi mai nauyi, ba gudu, sannan a yi juye. A kuma nemo abin da ya kashe shi tun farko: matacin iska da ya yage, lagireto mai yoyo, ko gurɓataccen man kwalba na bakin hanya. In ba a kawar da sanadin ba, an sayi wata jinyar ce kawai.

Ga ɗan kasuwa da ma'aikaci, awon rabin awa sau biyu a shekara, da rubuta lambobin a littafi, shi ne zai ba mutum damar zaɓen ranar da injinsa zai shiga garaji, tun kafin injin ya zaɓa masa a hanyar Dungas. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa.